Me ya haɗa gyaran rafi da ciyawar da ke ƙarƙashin teku?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a fannin tsara filaye da muhalli, an ba ni rubutu a kan yadda ake farfaɗo da rafuka da ciyawar teku ta hanyar bin tsarin halitta maimakon kankare. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, me ya haɗa rafi da ciyawar da ke can cikin ruwan gishiri? In kuma ciyawar ta mutu, me zai hana a sake dasa ta kamar yadda ake dashen shinkafa?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Tambayarka ta biyu ita kusan kowa ke fara yi, har da masu riƙe da kuɗin aikin, kuma an yi asarar dukiya mai yawa a ƙasashe da dama kafin a yarda da amsarta. Zan zo kanta. Amma tunda mu mutanen tudu ne, yawancinmu ba mu taɓa tsoma ƙafa a ruwan gishiri ba, gara mu san ciyawar tukuna.

Ba gansakuka ba ce. Ciyawa ce sosai, mai saiwa da ganye, tana fure a ƙarƙashin ruwa, tana zubar da iri. Jijiyarta tana rarrafe cikin yashi tana fitar da sabon tsiro gaba-gaba, kamar yadda kiri-kiri ke cinye gona in an yi masa sakaci. Nau'o'inta sun kai kimanin 70 a duniya, kuma a ruwa marar zurfi take fitowa, kusa da gaɓa, musamman inda teku ya kutso cikin ƙasa ya yi lungu, igiyar ruwa ta rage ƙarfi. Ita ce makiyayar ayu da kunkurun teku, a cikinta kuma 'ya'yan kifi da jatan lande da ƙaguwa ke fakewa har su yi ƙwari. A Afirka ta Yamma filinta mafi girma yana Banc d'Arguin a gaɓar Muritaniya, wurin da gwamnatin ƙasar ta keɓe tun 1976. Akwai ta a Bahar Maliya ma, ta ɓangaren Jidda da ta ɓangaren Sudan. Wani babban bincike da aka buga a 2009 ya ƙiyasta cewa kashi 29 cikin 100 na filayenta da aka sani sun ɓace tun daga 1879.

Lagonta haske ne. Gansakukar da ke yawo cikin ruwa tana iya rayuwa da kashi 1 cikin 100 na hasken da ya sauka a saman ruwa, ita kuwa ciyawar teku sai ta sami kashi 10 zuwa 20, wasu nau'o'in ma fiye da haka. Dalilin yana ƙasa. Saiwarta a binne take cikin laka marar iska, irin baƙar lakar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da kake ji in ana yasar kwata. Abin da ke wannan warin guba ne ga tsiro. Yadda ciyawar ke kare kanta shi ne, iskar da ganyenta ya samar da rana sai ta tura ta ƙasa zuwa saiwa, iskar ta tsare gubar. Ranar da haske ya gaza, iskar ta gaza, gubar ta shiga jijiya, fili guda ya mutu cikin 'yan watanni. Wanda ke tsaye a gaɓa ba zai ga komai ba, sai dai masunta su fara cewa kifi ya yi nisa.

Abu biyu ke tare hasken nan, kuma duka biyun rafi ne ke ɗauko su. Na farko laka: daga gonar da aka bari tsirara, daga gaɓar rafi mai zaftarewa, daga filin gini. Na biyu abincin tsiro, wato naitirojin da fosfaras, abin da ke cikin buhun yuriya da NPK, da kashin dabbobi, da ruwan masai. A gona alheri ne. A teku kuwa gansakuka ce ke riga kowa cinye shi, ruwa ya koma kore, wata kuma ta manne a jikin ganyen ciyawar ta rufe shi, kamar yadda ƙurar hunturu ke rufe gilashin sola har batir ya kasa cika. Abin da ya haɗa rafi da ciyawar teku ke nan. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Akwai awo mai sauƙi da nake so kowane ɗalibi ya taɓa yi da hannunsa, ko da a madatsar ruwa ce. Ka sami farin faifai mai faɗin murfin ƙaramar tukunya, santimita 20 zuwa 30, ka ɗaura masa nauyi a ƙasa da igiya mai ƙulli a kowane santimita 10. Ka zauna a gefen kwale-kwalen da ke da inuwa, ka riƙa sakin igiyar a hankali har farin ya ɓace wa idonka, ka ƙirga ƙulli, ka ɗago shi har ya sake bayyana, ka ɗauki tsakiyar biyun. Faifan Secchi ake ce masa, da sunan wani malamin Italiya da ya fara amfani da shi a 1865. A kimance, zurfin da faifan ke ɓacewa shi ne iyakar zurfin da ciyawar za ta iya zama. In a rabin mita ya ɓace, kai kuma kana shirin dasa ciyawa a zurfin mita biyu, to aikin baban giwa za ka yi.

Wurare biyu a Amurka sun amsa tambayarka ta biyu, kuma amsoshinsu sun saɓa.

Na farko lungun tekun Tampa a jihar Fulorida. A 1950 yana da ciyawar teku kimanin eka 40,000. Zuwa 1982 abin da ya rage bai kai eka 22,000 ba. Jama'a sun ƙaru, ruwan najasar birane yana shiga ba a tace shi sosai ba, ga masana'antun taki a bakin ruwa, ga yasar ƙasan teku da cike gaɓa don gine-gine. Babban matakin farko da aka ɗauka bai shafi ciyawa ba sam: a 1979 aka ɗaga matatar ruwan najasa ta birnin Tampa zuwa wadda ke cire naitirojin. Daga baya, cikin shekarun 1990, hukumar da aka kafa don lungun ta yi wani lissafi da har yau nake ganin babu darasin da ya fi shi a wannan fanni. Daga ƙarshe suka fara, suka dawo baya. Suka ce muna son eka 38,000. Kafin a sami wannan faɗin, dole ciyawa ta sauka har zurfi kaza. A wannan zurfin tana buƙatar kimanin kashi 20 cikin 100 na haske. Kafin hasken ya isa can, gansakukar da ke cikin ruwa ba za ta wuce kaza ba. Kafin gansakuka ta tsaya a nan, naitirojin ɗin da ke shigowa a shekara ba zai wuce tan kaza ba. Sannan aka zauna da ƙananan hukumomi da masana'antu da kamfanonin lantarki da manoma, aka raba wa kowa nasa kason na ragewa. Har ciyawar ado ta ƙofar gida abin ya taɓa: a yankin Pinellas an hana zuba mata taki mai naitirojin daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba, wato daminarsu, don ruwan sama kawai ke wanke shi zuwa teku. A awon 2014 aka sami eka 40,295, kuma kusan dukkanta da kanta ta dawo. Ba a dasa ba, haske aka mayar mata.

Kada ka tsaya a nan cikin rubutunka, kamar yadda masu son labari mai daɗi ke yi. Bayan ta haura eka 41,000 a 2016 ta sake ja da baya, zuwa 2022 ta sauko kusan eka 30,000. Birni bai daina girma ba, ruwan sama bai daina wanko tituna ba.

Na biyu gaɓar jihar Bajiniya, a wasu lungunan teku da ke bayan jerin tsibirai. A farkon shekarun 1930 wata cuta ta auka wa nau'in ciyawar da ake kira Zostera marina a duk arewacin tekun Atlantika, sai kuma guguwar 1933 ta ƙarasa abin da ya saura a wannan yanki. Sana'ar kamun wani nau'in kawa da ke rayuwa cikin ciyawar ta mutu tare da ita. Shekara sittin da wani abu ƙasan ruwan yana fayau, alhali ruwan garau yake, don yankin ba shi da manyan birane kuma teku na wanke lungunan sau biyu a rana. Abin da ya kashe ciyawar ya daɗe da wucewa. Iri ne babu, kuma babu wata ciyawa a kusa da ruwa zai kwaso irinta ya kawo. A ƙarshen shekarun 1990 aka ga wasu 'yan ƙananan tsirrai sun fito da kansu, wannan ya nuna wa Robert Orth da abokan aikinsa na cibiyar nazarin teku ta jihar cewa wurin zai karɓa.

Yadda suke aikin abin kallo ne. Wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, lokacin da ciyawar ta ɗauki iri, mutane kan shiga ruwa iya ƙugu ko iya ƙirji, da gilashin ido da bututun numfashi, suna tsinko rassan da ke da iri suna cusawa a jakar raga. Ba a tumɓuke saiwa. A kai rassan manyan tankuna da ruwan teku ke gudana a ciki, a bar su su ruɓe, irin ya zube ƙasa, kowane ƙwaya bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. A tace, a adana cikin ruwa har zafi ya wuce, don in an watsa da wuri ƙaguwa da sauran ƙananan halittun ruwa za su cinye. Da kaka sai a shiga jirgi ana tafiya ana watsawa da hannu, kamar mai yafa irin riɗi. Daga 1999 zuwa 2018 sun watsa ƙwaya sama da miliyan 70 a filaye da jimillarsu ta kai hekta 213. Ciyawar ta yi nata irin, ta bazu, ta rufe hekta 3,612. Ka kwatanta lambobin nan biyu: abin da hannu ya shuka bai kai kashi 6 cikin 100 na abin da ya fito ba.

Saboda haka dasawa tana da muhallinta, amma sai bayan ka amsa tambaya guda: me ya kashe ta, kuma yana nan ko ya tafi? A Tampa yana nan, da an dasa da an yi asara. A Bajiniya ya tafi, da an zauna jira da har yau ana jira. Wani bita da aka buga a 2016 ya duba gwaje-gwajen dashe 1,786 daga sassan duniya, ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 37 cikin 100 ne suka rayu, kuma manyan filaye sun fi ƙanana tsira nesa ba kusa ba. Dalilin shi ne ciyawar da kanta take gyara mazauninta. In ta yi yawa, ganyenta na rage gudun ruwa, laka ta kwanta, ruwa ya washe, haske ya ƙaru, ta ƙara yaɗuwa. 'Yar tabarmar dashe mai mita biyu ba ta da wannan ƙarfin, igiyar ruwa ɗaya ce za ta tone ta. A nan ta bambanta da shinkafa: shinkafa kai ke gyara mata fage, kai ke riƙe mata ruwa. Wasu nau'o'in ma ba a maganar dasa su a aikin shekara biyar. Posidonia ta tekun Bahar Rum 'yan santimita kaɗan take tafiya a shekara, tabon da ƙarfen tsayar da jirgi ɗaya ya yi mata sai ya shekara gommai bai rufe ba. Irin wannan tsare ta ake yi, a hana jirage jefa ƙarfe a kanta.

Yanzu mu hau tudu, inda ainihin aikinka na mai tsara fili yake.

Tsohon tunanin injiniyoyi, wanda ni ma da shi aka yaye ni, shi ne a fitar da ruwa daga gari da gaggawa: a miƙe rafi, a zurfafa shi, a shafe shi da kankare. Unguwar da aka yi wa aikin takan huta. Amma ruwan da a da yake ɗaukar yini kafin ya wuce, yanzu cikin sa'a guda yake dira kan na ƙasa, da duk lakarsa da dattinsa, don babu inda zai tsaya ya sauke kaya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kogin Kissimmee a Fulorida shi ne misalin da kowa ke bayarwa. Tsakanin 1962 da 1971 aka mayar da kogi mai lanƙwashe-lanƙwashe na kilomita 166 ya zama miƙaƙƙen rami mai kilomita 90 da zurfin mita 9. Fadamunsa suka bushe, tsuntsayen ruwa suka watse. Tun ba a daɗe da gamawa ba aka fara kiran a warware. An fara cike ramin a 1999, ba a kammala ba sai 2021, kuma kilomita 35 kawai aka cike.

Rafin da ba a taɓa ba yana da abubuwan da kankare ba shi da su: yana lanƙwasa, yana da gurabe masu zurfi da wuraren da ruwa ke tsalle kan tsakuwa yana shan iska, yana da itatuwa da ciyayi a gaɓa, sannan yana da fadamar da yake malala a ciki in ya cika. Masana irin su Luna Leopold da Gordon Wolman sun auna koguna da yawa tun shekarun 1950, suka ga cewa lanƙwasa cikakkiya takan kai ninki 10 zuwa 14 na faɗin rafin, tazarar gurbi zuwa gurbi kuma ninki 5 zuwa 7. Lambobin suna da amfani, amma na ga ɗalibai suna ɗaukar su kamar ayar da ba a taɓawa, kowane zane sai ka ga rafi ya yi tafiyar maciji. Korama mai faɗin yashi da ke gudu kwana goma a shekara ba haka take tafiya ba, in ka tilasta mata za ta yanke hanyarta a ruwan farko. Ka nemo wani sashe na rafin, ko na maƙwabcinsa, da bai lalace ba, ka auna shi, shi ne malaminka.

A cikin abubuwan nan duka fadama ce uwa. In ruwa ya fita daga kwarinsa ya baje a fili mai ciyawa, gudunsa na mutuwa, lakar da ya ɗauko ta zauna. A cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye kuma akwai ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da naitirojin ɗin ruwa ya zama iska ya tashi sama, ya fita daga lissafi gaba ɗaya. Ba sa karɓar albashi, lokaci kawai suke so, ruwan ya jima a kansu. Shi ya sa aikin farko a rafin da ya nutse cikin rami shi ne a sake haɗa shi da fadamarsa, ko dai a ɗaga ƙasansa da ƙananan shingayen dutse ko itace, ko a sassaƙe gaɓa a yi masa sabuwar fadama a ƙasa. Sai ɗamarar ciyayi a gefe, tsakanin gona da ruwa. A yankin da ke zuba ruwa a lungun tekun Chesapeake, dokar da jihar Bajiniya ta yi a 1988 ta kai ga ware ƙafa 100, kimanin mita 30, a bakin ruwa. Kuma ƙananan rafukan can sama sun fi babban kogi muhimmanci a wannan aiki, don a nan ne ruwa kaɗan ke gogar ƙasa mai yawa. Babban kogi dako kawai yake yi.

A cikin birni, aikin da zan ce ka zauna ka yi nazarinsa shi ne na filin shaƙatawa na Bishan a Singafo. A da, Kogin Kallang yana ratsa gefen filin a cikin miƙaƙƙen lambatun kankare mai kilomita 2.7, an yi masa shinge. Daga 2009 zuwa 2012 hukumar ruwa ta ƙasar da ta filayen shaƙatawa suka fasa kankaren, suka saki kogin ya shiga cikin filin yana lanƙwasa sama da kilomita 3. Da rani ɗan siririn ruwa ne da yara ke tsallakawa kan duwatsu. In an yi ruwan sama sai filin ciyawar da ke gefe ya zama fadama, ya cika, ya janye. An kafa fitilu da jiniya da ke gargaɗin mutane su hau sama in ruwa na tasowa. Kankaren da aka fasa ma ba a zubar ba, an tara shi an yi ɗan tudun kallo. Abin da ya fi burge ni shi ne kafin su taɓa kogin sai da suka ware ɗan sashe na wata magudana suka gwada dabarun ɗaure gaɓa da tsirrai iri-iri, don dabarun daga Turai aka aro su, ba a san yadda za su yi a ƙasa mai zafi da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ba. Karnukan ruwa sun dawo kogin da kansu.

Za ka ga ana yawan haɗa shi da rafin Cheonggyecheon na babban birnin Koriya ta Kudu, inda aka rushe gadar sama tsakanin 2003 da 2005 aka buɗe rafin da ke binne. Aiki ne mai kyau ga birnin, amma ruwan da ke gudana a ciki da injin ake turo shi, galibi daga kogin Han, gefe da gefe kuma bango ne. Ni ina kiransa lambun ruwa. In ka sa shi a rubutunka, ka faɗi bambancin.

Akwai kuskuren da na yi da hannuna, gara ka ji shi daga bakina. Wata korama ce a bayan wani ƙauye tana cin gonaki. Muka jera kwandunan waya cike da duwatsu a gaɓar da ke zaftarewa, muka dasa ciyawa da 'yan itatuwa a sama, aka ɗauki hoto, kowa ya yaba. Wani dattijo mai lambu a wurin ya ce mini, "Injiniya, ba gefe take ci ba, ƙasa take ci." Na ce masa to, Baba, ban dai saurara ba. Damina ta biyu muka dawo muka tarar kwandunan sun kifa cikin ruwa, wayar ta tsinke, ƙasan koramar ya ƙara nitsewa kusan tsayin gwiwa. Sai da muka bi ta ƙasa da ƙafa muka ga dalili: tifofi ne ke ɗibar yashi a can gaba. Ramin da suka bari ya yi ɗan gangare, ruwa na faɗawa yana tone bakinsa, bakin yana tafiya baya-baya zuwa sama kowace damina, yana cire ƙasa daga ƙarƙashin duk abin da muka gina. Ruwa ba ya tsami banza. Tun daga ranar ba na zana komai sai na taka rafi daga sama har ƙasa, kuma ƙasan rafi nake fara tsayarwa kafin gaɓa.

Game da tsirrai, na gida za ka nema, waɗanda suka saba da nitsewa da damina da ƙishirwa da rani. A wajenmu jema ba ta da na biyu a bakin ruwa, saiwarta tana nitsewa ƙasa kamar raga, ga shi masu saƙa na sonta, don haka akwai mai kula da ita. Sama kaɗan gamba, a cikin fadama giyayya da bagaruwa, a kan gaɓa kanya da ɓaure da ɗinya. A kwantar da gaɓar tukuna ta yi gangare mai sauƙi, tsiro ba ya riƙe bango a tsaye. A dasa da farkon damina, a yi shinge, in ba haka ba awaki za su gama da aikin kafin ruwa ya gwada shi.

Wani abu kuma da masu zane ke son tsallakewa don ba ya kyau a hoto: fadama da ciyawa suna tace ruwan gona da na titi, amma ba za su iya da najasar birni guda ko ruwan majema da masana'anta ba. Wannan sai bututu da matata. Kogin Emscher a Jamus ya shekara kusan ɗari yana zaman kwatar yankin ma'adinai. Sai da aka gina babban bututun ƙarƙashin ƙasa mai kilomita 51, aka raba najasa da kogin a ƙarshen 2021, bayan aikin kusan shekara 30. Wanda ya san rafukan Jakara da Getsi a Kano ya san cewa jema ba za ta wanke su ba muddin abin da ke zuba a ciki yana zuba.

Ruwan Kano ba ya zuwa teku. Hadeja yake nufa, daga can Komadugu Yobe, sai Tafkin Chadi. Na Kaduna da Sakkwato da Rima ne ke bin Neja har Atlantika. Amma ilimin bai canza ba don babu gishiri, na ƙasa shi ke karɓar abin da na sama ya sako, har da lokacin da ya sako shi. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da a da yake zuwa da ƙarfi da damina ya ɗauke da rani ya koma yana tsiyaya duk shekara, kachala ta sami abin da take so ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Hadeja da Nguru. Yanke ta da hannu ko da inji, ba tare da an taɓa yadda ake sakin ruwan ba, daidai yake da dasa ciyawar teku a ruwa mai duhu. A jihar Tawa ta Nijar kuwa an daɗe ana gina gajerun shingaye a kan korama, ba don a tare ruwa ba, don a baje shi a kwari ya nitse ƙasa, kuma wannan shi ne sake haɗa rafi da fadamarsa da ake ta rubutu a kai da manyan kalmomi.

Inda aikin ke cijewa a wajenmu shi ne fili. Singafo ta iya ba kogi faɗi ne don filin na gwamnati ne, babu gidan kowa a ciki. A nan kuwa mita 30 ɗin da ka zana da koren fenti lambun wani ne, ko fulotin da aka riga aka sayar, ko kududdufin da aka cike aka yi shaguna. Saboda haka a zanenka, kusa da kowane sashe na rafin, ka rubuta faɗin da ruwa ke kaiwa a babbar damina, wanda tsofaffin wurin za su nuna maka a jikin bango ko kututturen itace, sannan ka rubuta wa ke da filin da abin da yake samu a cikinsa a shekara. Takardar nan za ka riƙe in za ka je gaban mai unguwa da masu lambu.